Soson da Ba a Wanka da Shi: Kwana Uku a Bakin Bahar Maliya

Mun gama Umara ranar Laraba, jirginmu na komawa Kano kuwa sai Talata mai zuwa. Abokan tafiyata kowa ya tsara yadda zai ci kwanakin, wasu kasuwa, wasu su koma Harami su ƙara ɗawafi. Ni akwai alkawari a wuyana. Ɗan yayata yana karatun digiri na uku a jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullahi, wadda aka fi sani da KAUST, kuma tun kafin in baro gida uwarsa ta ja mini kunne: "Ka je ka gano mini shi da idonka, ka ga ko yana cin abinci. Ka kuma tambayo mini abin da yake karantawa, don ni dai duk lokacin da na tambaye shi sai ya ce wai soso."

An daɗe ana yi masa tsiya da wannan soso a gidanmu. Ƙannensa kan ce an tura Yaya Saudiyya ya koyo wanka. Ni ma ina cikin masu dariyar, alhali ni ya kamata in fi kowa kama bakina, don shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Duk shekara idan muka zo rabe-raben dabbobi nakan rubuta Porifera, wato dangin soson teku, a allo, in ce su ne na can ƙasan jeri, ba baki, ba ciki, ba jijiya, ba ƙwaƙwalwa, in zana wani abu mai kama da tulu da aka yi wa huji-huji, in wuce zuwa tsutsotsi. Ko minti biyar ba na cikawa. Ban taɓa ganin soson teku da idona ba, kuma hakan bai taɓa damuna ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo ya ɗauke ni a Jidda cikin motar wani abokinsa. Muka miƙi hanyar arewa, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, zuwa garin Suwal, wanda ake rubutawa Thuwal a allunan hanya. Babu wani abin kallo a hanyar, rairayi ne da ƙananan duwatsu, nan da can raƙuma. Teku tana hannun hagu amma ba ta cika nuna kanta ba. Suwal asalinsa garin masunta ne, sai a 2009 aka buɗe jami'ar a gefensa, ta zama gari na biyu mai katanga da ƙofa. Baƙo ba ya shiga sai an nema masa izini tun da wuri, kuma yaron ya riga ya nema mini.

Da daddare ya fita da ni wajen katanga, wani gidan cin abinci inda kake zaɓar kifinka a kan ƙanƙara a auna maka, a soya, a kawo da shinkafar da suke kira sayadiya, wadda albasa soyayya ta mayar da ita ruwan ƙasa. Na kalli yadda yake loma na ce a raina saƙon farko na yayata ya cika. Sai na sako na biyu.

"To, Malam mai soso, yi mini bayani. Mene ne a cikin soso da zai ci wa mutum shekara huɗu?"

Ya yi dariya. "Kawu, wane soso kake nufi? Na gidan Hajiya da ke hawa kan zana?"

Nan ne fa gizo ke saƙar. Soson da muka tashi da shi tsiro ne mai yaɗo, ɗan uwan kabewa da duma. Ya yi 'ya'ya, su bushe, a ɓare, a kakkaɓe baƙin iri, abin da ya rage shi ne soson wanka da na wanke-wanke. Na teku kuwa dabba ne, ko da yake ba ya motsawa daga inda ya kafu. Sunan ne kawai ya haɗa su, saboda wasu nau'o'insa masu laushi, irin waɗanda mutanen tsibirin Kalimnos na Girka suka shahara da nutson ɗebowa, da su Turawa suka daɗe suna wanka. Mafi yawan sauran, in ji shi, idan ka goga a jiki sai ka kwana kana susa, don ƙashinsu ƙananan allurai ne masu kama da gilashi. An san nau'i wajen dubu 9, kuma zuriyarsu ta fi shekara miliyan 500 a duniya.

"Amma ni ba soson kansa nake karantawa ba," ya ce. "Mazauna cikinsa nake ƙirgawa. Gobe ka fara ganin gidan tukuna."

Washegari Asabar, ranar hutu ce a can. Shi da abokansa huɗu sun yi karo-karo sun ɗauki hayar ƙaramin jirgin ruwa. Bayan asuba muka isa tasha, masu gadin gaɓa suka duba takardun kowa, sannan aka bar mu muka fita. Ya ja mini kunne tun a mota cewa yau kallo kawai za mu yi, ba a yankar ko da ƙwayar gero ba tare da takardar izinin bincike ba.

Da gari ya fara nisa a bayanmu sai na tuna kakanmu. Shi da ƙafa ya yi aikin Hajji, ta Barno da Chadi, ya tsaya shekaru a Sudan yana aikin auduga don ya tara guzuri, sannan ya tsallake wannan ruwa daga Sawakin cikin jirgin katako. Abin da ya fi ba mu labari a kai shi ne tsoron dare a tsakiyar ruwa da ƙishirwa. Bai taɓa cewa komai game da abin da ke ƙarƙashin jirgin ba, don wa zai leƙa? Ga tattaɓa-kunnensa yana ɗaura gilashin nutso zai shiga da gangan.

Ni dai ban iya ruwa ba. Iyakar sanina da ruwa shi ne kududdufin unguwarmu da ake dukanmu idan mun shiga. Suka sa mini riga mai hana nutsewa, da gilashi, da bututun numfashi, suka ba ni igiya in riƙe. Mun tsaya a gefen wani dogon tudun murjani da suke kira Al Fahal. Shigata ta farko ban ga komai ba, don na manta na shaƙi iska ta hanci, na firgita, na kwankwaɗi ruwa. Ban taɓa ɗanɗana gishiri irin wannan ba. Bahar Maliya ba ta da kogi ko ɗaya da ke zuba mata ruwa duk shekara, ga rana na shanye ta, don haka a kowace lita akwai gishiri wajen giram 40, alhali a manyan tekuna 35 ne. Na hau jirgi na amayar da karin kumallona kaf. Mai jirgin, wani dattijo mai jan gemu, ya miƙo mini shayi yana cewa "Sabr, ya Hajj," yana ƙoƙarin ɓoye dariya bai iya ba.

Shiga ta biyu na natsu. Na kifa fuska, na bar igiya ta ja ni, sai ƙasa ta buɗe.

Ba zan ɓata lokaci a kan kifaye da murjani ba, kowa ya gani a talabijin, ko da yake talabijin ba ta gaya maka ƙarar ƙas-ƙas da ke cika kunne kamar ana soya gyaɗa. Yaron ya nutsa ƙasa inda tudun ya gangara, ya tsaya kusa da wani abu ya nuna mini da yatsa. Na ɗauka randa ce wani jirgi ya yar. Ja-ja ce mai duhu, bakinta a buɗe yana kallon sama, jikinta da kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, girmanta ya isa yaro ɗan shekara uku ya ɓuya a ciki. Ya matsa gaba kaɗan ya nuna wani kuma, launin ruwan goro, mai faɗi da lanƙwasa kamar kunnen giwa. Tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Ya ɗaga yatsu biyu, ya nuna randar, ya nuna mai ruwan goron, ya nuna idonsa. Wato in riƙe su a ka.

A jirgi ya faɗa mini sunayensu. Randar ita ce Xestospongia testudinaria, mai ruwan goron Stylissa carteri. Ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa inda mai nutso ya fesa koren rini a gindin irin wannan randa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi rinin ya ɓace a jikinta, sai ga shi yana tuɗaɗowa ta baki kamar hayaƙin murhu. Abin da na ɗauka dutse ne ashe famfo ne da ba ya hutawa. Jikinsa cike yake da ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki da ƙwayoyin jiki masu wutsiya kamar bulala, suna kaɗawa dare da rana, ruwa na shiga ta ƙofofin gefe yana fita ta sama. Soso mai nauyin kilo ɗaya yana iya tace dubban litoci a yini. Abincinsa shi ne abin da ya tsinta a cikin ruwan, kuma babban kaso na wannan abinci bakteriya ne.

"Riƙe wannan ma, Kawu," ya ce. "Bakteriya yake ci."

Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon makon aiki a can, ya kai ni ɗakin gwaje-gwajensu. Aka ba ni farar riga da tabarau. Ya buɗe wata firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, tururi ya bugo mu, ya zaro ƙaramin akwati cike da 'yan kwalaben roba, kowace da gutsuren soso bai fi ƙwayar wake ba. Abin da ya biyo baya ya ba ni dariya. Duk da injunan miliyoyi da ke kewaye da mu, sai ya ɗauko ɗan turmi da taɓarya na tangaran, irin na dakan yaji, ya zuba ruwan naitirojin mai tafasa don sanyi, ya jefa gutsuren a ciki ya fara niƙa. Soson ya daskare ya zama kamar ƙanzo, yana ƙaras-ƙaras, har ya koma gari. Wari ya taso, wani abu tsakanin tafarnuwa da daddawar da ta kwana a ruwa. Na ce uwarka ta sha fama kafin ka yarda ka daka mata barkono, ashe abin na jiranka a nan.

Na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya daga cikin kwalaben in duba rubutun jiki, sai ya tare ni da gwiwar hannu.

"Kawu, don Allah kar ka taɓa ba safar hannu. Za ka shiga cikin ƙidayar."

Da gaske yake. Fatar hannuna tana da nata bakteriya, kuma hanyar da yake bi ba ta san na Kano da na Bahar Maliya ba, duk wanda ta samu za ta rubuta.

Ga yadda ƙidayar take. A da, idan ana son sanin bakteriyar da ke wani wuri, sai a shafa a faranti mai abinci a jira su tsiro. Haka na koya, haka nake koyarwa. Matsalar ita ce mafi yawansu ba sa tsirowa a faranti. Galibi abin da ke fitowa bai wuce ɗaya cikin ɗari ba, sauran sun ƙi abincin baƙo. Tamkar a ce za a ƙirga mutanen Kano amma sai waɗanda suka amsa gayyatar walima. Sai aka koma karanta DNA, wato kundin gadon halitta, kai tsaye. Akwai wata ƙwayar gado da ake kira 16S, tsawonta haruffa wajen 1,500, wadda kowace bakteriya ke da ita. Wasu sassanta iri ɗaya ne a wurin kowa, wasu kuma sun bambanta daga zuriya zuwa zuriya. Da irin wannan karatu ne Carl Woese na Amurka ya gano a 1977 cewa akwai wani babban reshen halittu daban da bakteriya, wanda ake kira arkiya.

Na ce masa wannan ai tsagen fuska ne. A zamanin iyayenmu, mutum na shigowa kasuwa za a ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, tun bai buɗe baki ba. Ya ce haka ne, kuma har ma da raunin abin, don tsage yana gaya maka garin mutum, ba ya gaya maka sana'arsa ko halinsa.

Ya kunna kwamfuta ya nuna mini ginshiƙai uku masu ratsin launuka kamar zanen saƙi. Na farko ruwan teku ne da aka ɗebo a wurin. Na biyu mai ruwan goro: launi ɗaya ya cinye mafi yawan ginshiƙin, dangin da ake kira Gammaproteobacteria, sai 'yan ratsi ƙanana. Na uku randar ce, kuma ita kam kamar an zubar da akwatin zare. Ratsi bisa ratsi, Chloroflexi, Acidobacteria, Actinobacteria, Poribacteria, da wasu da ban iya riƙewa ba. Ya ce in lura waɗannan ba sunayen nau'i ba ne, sunayen manyan dangi ne, kuma tazarar da ke tsakanin biyu daga cikinsu ta fi wadda ke tsakanina da kifin da muka ci shekaranjiya nesa ba kusa ba.

A nan na zauna a kujera. Taku biyar ne tsakanin waɗannan halittu biyu, na gani da idona. Ruwa ɗaya suke sha, rana ɗaya ke dukansu. Amma a giram ɗaya na naman irin randar ana samun ƙananan halittu daga miliyan 100 har zuwa biliyan 10, a irin mai ruwan goron kuwa dubu 100 zuwa miliyan 1, kusan daidai da ruwan da ke kewaye da shi. A wasu sosunan masu cunkoso, mazaunan kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikin gaba ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ka ɗauko randar Suwal ka gwada da 'yar uwarta ta wani tudu mai nisa, za ka ga mazaunansu sun fi kama da juna fiye da yadda suke kama da na maƙwabcinta na taku biyar. Kowane gida ya san mutanensa. An tabbatar da wannan a babban aiki da aka wallafa a 2016, inda aka tattara samfuri 804 daga nau'in soso 81 a tekuna daban-daban, aka samu manyan dangi sama da 40 na ƙananan halittu a cikinsu.

Poribacteria ɗin nan ma labarinsu abin ji ne. Sai a 2004 aka san da su, a ɗakin binciken Ute Hentschel a Jamus, daga wani soso mai launin rawaya na Bahar Rum. Dangi guda cur, da ba a taɓa rubuta shi a littafi ba, yana zaune a cikin dabbar da nake gamawa da ita a minti biyar. Shi ya sa aka raɗa musu suna daga Porifera.

Sai na tuno abin da ya ce in riƙe a jirgi. Na ce tsaya, ka ce bakteriya yake ci. Ta yaya kura za ta yi kiwon awaki a ɗakinta?

Ya gyara zama, na ga alamar na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce an ga ƙwayoyin jikin soso suna haɗiye bakteriyar ruwa su narkar, su wuce ta gefen 'yan gida ba su taɓa su ba. Da aka karanta kundin gadon 'yan gidan gaba ɗaya, ba tsagen fuska kawai ba, sai aka tarar da yawansu suna ɗauke da ƙwayoyin gado masu ƙera wasu sinadarai da suka fi kama da na dabbobi, irin waɗanda ake kira ankirin. An gwada sa irin waɗannan a jikin bakteriyar da ba ta da su, sai halittun da ke cinye ta suka kasa narkar da ita yadda suka saba. Wato sun koyi harshen mai gida. A ɓangaren mai gidan kuma, binciken da aka yi a wannan jami'a a kan waɗannan sosuna biyu, wanda ya fito a 2016, ya nuna mai ruwan goro ya fi randar yawan wasu ƙwayoyin gado na tantance baƙo. Ɗaya gida ne mai dogarai a zaure, ɗaya kuma zango ne.

Yadda suke shigowa ma hanya biyu ce. Wasu uwa ce ke zuba su a cikin ƙwai ko tsutsar da za ta saki, ta tafi neman inda za ta kafu da mutanenta a ciki, kamar amarya da kayan ɗakinta. Wasu kuma suna nan a ruwa jefi-jefi, ƙalilan ƙwarai, sai soso ya tace su ya ajiye.

Shi nasa aikin ya fi wannan zurfi da taki ɗaya, kuma sai da ya maimaita sau biyu na kama. Ya ce ko an samu tsage iri ɗaya, ba a gama ba. Ya kawo mini misalin da na sani, E. coli. Akwai wadda ke zaune lafiya a hanjin kowa, akwai O157:H7 mai sa gudawar jini har ta kashe ƙoda. Suna ɗaya, tsage kusan ɗaya, amma ta biyun tana da ƙwayoyin gado sama da dubu da ba a samu a ta ɗakin gwaji ba. Haka abin yake a soso. Wata bakteriya mai amfani da hasken rana, Synechococcus spongiarum, an daɗe ana ɗaukarta abu ɗaya, da aka duba wani sashen DNA mai saurin canzawa sai ta rabu gida sama da goma. Don haka shi yanzu yana niƙa soso, ya karanta duk DNA ɗin da ke ciki a gutsuttsure, miliyoyin guntaye, sannan kwamfuta ta yi ta haɗa su tana ware na wane da na wane. Ya kwatanta da a yayyaga littattafai ɗari a zuba a buhu ɗaya, a ce ka mayar da kowane shafi mazauninsa. Wata uku ke nan yana fama da wata bakteriya guda da ta ƙi haɗuwa, yana zargin ba ɗaya ba ce, 'yan uwa ne uku masu kama da juna suke rikita lissafin.

Na yi masa tambayar da na san yayata za ta yi: to, amfanin me?

Ya fara da amfanin da suke wa soson. Kashinsa amoniya ne, kuma akwai arkiya da bakteriya da ke cinye ta su sauya ta, masu kwasar shara ke nan. Masu amfani da hasken rana suna ciyar da shi daga abin da suka noma. Amma inda labarin ya fi daɗi shi ne wajen dafi. Dabbar da ba ta gudu, ba ta da haƙori ko ƙaho, dole ta kare kanta da ɗaci, shi ya sa soso ya zama rumbun sinadarai. Tun farkon shekarun 1950 Werner Bergmann na jami'ar Yale ya ciro wasu sinadarai da ba a saba gani ba daga wani soso na tekun Karebiyan, waɗanda suka buɗe hanyar ƙera sitarabin, maganin sankarar jini da aka amince da shi a 1969 kuma har yau ana ba marasa lafiya. A 1986 masana a Japan suka ciro halikondirin B daga soson Halichondria okadai. Ƙarfinsa a kan ƙwayoyin sankara ya ba da mamaki, sai dai samunsa ya fi haƙar zinariya wuya: da aka tara tan guda na wani soso mai irin sinadarin a New Zealand, abin da aka samu bai wuce miligiram 300 da 'yan kai ba. Sai da masu haɗa sinadarai suka ƙera ɗan uwansa a ɗakin gwaji, eribulin, wanda Amurka ta amince da shi a 2010 don sankarar mama.

An daɗe ana zargin cewa ba soson ne ke dafa wasu daga cikin irin waɗannan sinadarai ba, 'yan haya ne. A 2014 ƙungiyar Jörn Piel ta kama ɗaya dumu-dumu. A cikin soson Theonella swinhoei da aka ɗebo a Japan, sun ware wata bakteriya mai siffar zare, Entotheonella, wadda ba ta taɓa yarda ta tsiro a faranti ba, suka karanta kundin gadonta, suka tarar kusan duk sinadaran da aka san soson da su daga tukunyarta suke fitowa. Shekara da shekaru ana yabon mai gida da iya girki, ashe baƙuwa ce a madafa. Idan ka san ƙwayoyin gadon da ke yin aikin, ana iya ƙoƙarin dasa su a wata bakteriya mai sauƙin kiwo, ba sai an kwashe tan-tan na soso daga teku ba. Wannan nau'in soso yana nan a Bahar Maliya ma.

A nan zan faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai. Mu a Hausa mun saba cewa "ƙwayoyin cuta" duk lokacin da ake nufin bakteriya. A rediyo haka, a asibiti haka, ni ma a aji haka. Na zauna gaban wannan ginshiƙi mai ratsi ɗari na rasa wanda zan kira cuta a cikinsu. Sunan ya yi daidai da bakin likita, don shi masu laifi ake kawo masa, amma malamin halittu da ya ɗauke shi ya ba yara ya cuce su, tunda ya koya musu cewa duk abin da ido bai gani ba abokin gaba ne. Daga wannan zangon karatu na daina. Ina cewa ƙananan halittu, sannan in ware masu cutar a cikinsu.

Kafin mu fita ya ƙara mini wani abu da na so ƙwarai. Ya ce ba sai teku ba, akwai soso na ruwan daɗi a koguna da tafkuna, har a Afirka ta Yamma, kuma masu haƙar kayan tarihi sun samu alluransa a jikin tsofaffin tukwane a yankin kogin Neja na ƙasar Mali. Na ce ashe tulun da nake zanawa a allo bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Litinin ya mayar da ni Jidda. A hanya na tambaye shi ko soson gidan Hajiya ma yana da mazauna. Ya ce sosai ma, in dai ana barinsa a jiƙe a banɗaki, kuma su waɗannan ba lallai ne duk na kirki ba ne, a riƙa ɗauraye shi ana shanyawa a rana, a kuma canza shi kafin ya yi baƙi. Ya ba ni dabino da turare in kai wa uwarsa, ya ce in gaya mata saura shekara ɗaya da rabi in Allah ya yarda.

Kwana biyu da dawowata na je gidanta. Na ce mata yana cin abinci, har ya yi kumatu. Na zauna na kwashe labarin randa da mai ruwan goro, da turmin tangaran, da baƙuwar da ke madafa, na ma nuna mata bidiyon koren rinin da ya turo mini. Ta kalla sau biyu, ta ce ikon Allah. Ta tambaya ko da gaske an samu maganin sankara a ciki, na ce an samu. Ta yi shiru tana jujjuya ƙwayar dabino a hannu, sannan ta aiki jikarta ta ɗauko soson banɗaki ta shanya a kan igiya.

"To, na ji," ta ce. "Idan kun yi waya ka ce masa Allah ya ba da sa'a. Amma shi da ya iya ƙirga mutanen gidan soso, ka tambaye shi yaushe zai fara tara na gidansa."